Lifidi Daga Fagen Fama Zuwa Filin Hawa: Tarihin Wani Reshe na Ɗinkin Hausa

Gabatarwa

Idan ana maganar fasahar tufafi a ƙasar Hausa, abubuwa uku ne suka fi zuwa bakin masu nazari, wato saƙa da rini da aikin babbar riga. An yi rubuce-rubuce da dama a kan marinar Ƙofar Mata da turkudin Kura da aska takwas ta Zariya da Bida. Amma akwai wani reshe na huɗu wanda ba a cika waiwayarsa ba, alhali kuwa dubban mutane suna zuba masa ido duk ranar hawan salla. Wannan reshe shi ne ɗinkin lifidi, wato haɗa ƙyallaye masu launi daban-daban, a cusa musu auduga a tsakani, sa'an nan a bi su da allura layi-layi har su zama tufa mai kauri ta doki da mahayinsa.

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun lifidi a ƙasar Kano, tun daga shigowarsa har zuwa yau, tare da mai da hankali ga gabashin ƙasar, wato Gaya da garuruwanta irin su Kademi da Ajingi. Za a nuna cewa lifidi ya rayu shekara fiye da ɗari bayan yaƙin da aka ƙirƙire shi dominsa ya ƙare, saboda hawa ya ba shi sabon aiki. Za a kuma nuna cewa rayuwarsa ta gaba ta rataya ne a kan mai ɗinka shi, mutumin da tarihi bai taɓa kama sunansa ba.

Kalmar da abin da take nufi

Masana harshe suna ganin asalin kalmar lifidi Larabci ne, daga kalmar da ke nufin curarren gashi irin wanda ake shimfiɗawa a ƙarƙashin sirdi, kuma ta hanyar Barebari ta iso bakin Hausawa. Wannan ya dace da yadda abin kansa ya bazu. Ana samun sa tun daga ƙasar Sudan, ya biyo ta Bagarmi da Borno da Adamawa, ya ratsa ƙasar Hausa da Nupe, har ya kai Dosso ta Zabarmawa. A littafin tafiyar Denham da Clapperton, wanda aka buga a 1826, akwai zanen wani barden Bagarmi, shi da dokinsa duk a lulluɓe da lifidi.

A Hausa kalmar tana ɗauke da ma'ana fiye da ɗaya. Tana nufin tufar kanta, kuma sunan sarauta ce ta cikin fada, wato shugaban mahayan da ake kira 'yan lifida. Tufar kuwa ba guda ɗaya ba ce. Akwai bantan lifidi mai kare ƙugu da cinya, akwai safa mai rufe ƙirji da baya, akwai kwalkwali na ka, wanda ake yi wa ado da gashin jimina. Doki kuma ana rufe masa ƙirji da wuya da kwiɓi da gindi, har tufar ta sauko masa wajen gwiwa. Yawan waɗannan sunaye shaida ne cewa sana'ar ta daɗe a hannun Hausawa, domin harshe ba ya rarrabe sassan abin da bai zauna da shi ba.

Yadda ake yin sa, da dalilin haka

Kafin a fahimci siffar lifidi sai an san makamin da aka yi shi dominsa. Kibiyar ƙasar Hausa ƙarama ce, marar nauyi, kuma ƙarfinta yana ga dafin da ake shafa mata, wanda akan haɗa da 'ya'yan ƙwanƙwani. Ba sai ta shiga jiki da zurfi ba, ƙwarzane ya isa. Saboda haka abin da mahayi yake bukata shi ne wani abu mai kauri da zai riƙe tsinin kibiya kafin ya taɓa fata. Sulke yana tare kaifin takobi, amma tsini yana iya bi ta idon zobensa, ga shi kuma da tsada, ba a iya lulluɓe doki da shi. Auduga ita ce ta biya wannan bukata.

Audugar da aka fi cusawa ita ce ta rimi. Tana da halaye uku da suka tsara aikin baki ɗaya. Na farko, ba ta da nauyi, don haka ana iya tara ta da kauri. Na biyu, ba ta shan ruwa da wuri. Na uku, tana da santsi, shi ya sa ba ta kaɗuwa ta zama zare, kuma idan aka cusa ta cikin tufa aka bar ta haka nan, sai ta zame ta taru a ƙasa, sama ya zama fanko. Maganin wannan shi ne a bi tufar da ɗinki, a ratsa fuska da ciko da shafi gaba ɗaya, a raba ta gida-gida yadda kowane gida zai riƙe rabonsa. Wato ke nan layukan da mai kallo yake ɗauka ado ne, su ne ƙashin bayan tufar. Idan suka yi nisa da juna auduga ta gudu, idan suka matsu ƙwarai tufar ta sandare, ta rasa taushin da ke shanye ƙarfin kibiya. Gwanintar maɗinki tana ga sanin wannan tsakaitawa, kuma a tafin hannu ake jin ta.

Fuskar lifidi kuwa, wato ɓangaren da ido ke gani, sau da yawa haɗi ce ta ƙananan ƙyallaye, masu kusurwa uku ko huɗu, ja da rawaya da baƙi da fari da shuɗi. A nan ma akwai dalili na tattali. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar ana shigo da jan mulufi daga Turai ta hamada, tare da alharini da allurai da ruwan takuba. Yadin da ya ƙetare Sahara a bayan raƙumi ba abin da za a zubar da guntunsa ba ne. Maɗinki yakan jera guntayen mai tsada tsakanin fari da shuɗin gida, ɗan kaɗan ya ƙawata tufa mai faɗi. Har ila yau launi yana da amfani a fagen fama, inda ƙura take turnuƙewa, kowa yana bukatar ya shaida nasa tun daga nesa.

Wannan dabara ta cushe da ɗinki ba a fada kaɗai take ba. Duk wanda ya tashi a garuruwa irin su Kademi ya san akumarin jaki, da katifar rimi, da matashin kai, da abin da ake sa wa doki a ƙarƙashin sirdi don kada ya yi masa miki. Dukkansu 'yan uwan lifidi ne, hannu ɗaya ne da basilla ɗaya. Lifidi shi ne wanda ya shiga gidan sarauta daga cikin dangin.

Shigowarsa Kano da matsayin Gaya

Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, aka kuma buga shi da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya danganta shigo da lifidi ga Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410. Ya ce shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, kuma ya faɗi dalili, wato yawan mutanen da Kano ta rasa a yaƙinta da Umbatu, waɗanda ake dangantawa da Butawan duwatsun Ningi. Wannan bayani ya yi daidai da abin da aka faɗa a sama. Mutanen dutse maharba ne, kuma doki marar kariya abincin kibiya ne.

Lifidi ba ya tafiya shi kaɗai. Yana bukatar ingarman doki mai iya ɗaukar nauyi, da sirdi mai likkafa wanda zai riƙe mahayin da tufa ta ɗaure shi. Manyan dawaki kuwa daga gabas da arewa suke zuwa. Littafin ya ci gaba da nuna yadda ƙofar gabas ta buɗe a shekarun da suka biyo. A zamanin Dauda, 1421 zuwa 1438, wani basaraken Borno mai suna Dagaci ya zo Kano da jama'a da dawaki da tambura. A zamanin Abdullahi Burja, 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanya daga Borno zuwa Gwanja. A zamanin Yakubu, 1452 zuwa 1463, Agalfati ɗan Sarkin Macina ya zama Sarkin Gaya. Daga nan Gaya, wadda tun da can ake danganta ta da maƙeran farko na Dala, ta zama babbar sarauta a kan hanyar gabas, mai dawaki da mayaƙa nata.

Ƙarfin wannan sarauta ya fito fili a zamanin Sarki Dadi, 1670 zuwa 1703, sa'ad da Sarkin Gaya Farin Dutse ya yi tawaye, ya shekara uku bai kai wa Kano haraji ba, har sai da aka yi dabara aka kashe shi. Duk da haka 'yarsa Maryama ita ce mahaifiyar Muhammadu Sharefa, wanda ya gaji Dadi. Basaraken da zai ja da Kano shekara uku dole yana da barade, kuma a bayan kowane barde akwai jerin masu sana'a: manomin auduga, da matar da ke kaɗi, da masaƙi, da marini, da baduku, da maƙeri, da maɗinki. Littafin ya kawo sunan sarki da sunan wanda ya yi tawaye da sunayen jarumawa, amma bai kawo sunan ko ɗaya daga cikin masu allura ba.

Ƙarni na goma sha tara da ƙarshen amfaninsa a yaƙi

Lifidi yana da rauninsa. Audugar rimi tana kama wuta nan da nan. Zafi yana galabaitar da doki da mahayi. Ɗan lifida ba ya hawa sai an ɗora shi, idan kuma ya faɗi ba ya tashi sai zagage sun kawo masa gudummawa. Saboda haka 'yan lifida ba su taɓa zama masu yawa ba. Aikinsu shi ne su kewaye sarki, ko kuma su shige gaba su shanye kibau don na baya su sami hanya.

A Tabkin Kwatto, cikin watan Yuni na 1804, rundunar Sarkin Gobir Yunfa tana da manyan dawaki da 'yan lifida, jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuwa dawakinsu ba su wuce kimanin ashirin ba, amma maharban jama'a suka yi galaba. Wannan bai sa aka yar da lifidi ba. Da daula ta kafu sai sarakunanta suka ɗauke shi. A 1826 Clapperton ya ga 'yan lifidan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a yaƙin Konya ta Gobirawa, ya kuma ba da labarin yadda wani mai bindiga guda ɗaya daga cikin gari ya kayar da na gabansu, harsashi ya ratsa shi. Abin da ya gani ran nan shi ne mafarin ƙarshe, domin tufar da aka auna da kibiya ba ta da amsa ga albarushi.

Duk da haka, saboda bindiga ba ta yi yawa ba, lifidi ya ci gaba da aiki har ƙarshen ƙarnin. Gabashin Kano da kudancinta ba su huta ba a waɗannan shekaru. Sarkin Haɗeja Buhari ya dame su da hare-hare har rasuwarsa a 1863, Ningawa suka yi ta kai farmaki, sa'an nan ga basasar 1893 zuwa 1895, wadda Yusufawa suka kafa sansaninsu a Takai, kudu da Gaya. A daidai wannan zamani ne kuma sana'ar tufafi ta Kano ta kai ƙololuwa. Barth ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano take sayarwa waje a shekara sun kai na wuri miliyan 300, daga ciki har da kayan raƙumi 300 masu zuwa Tambutu. Mai ɗinka lifidi yana zaune ne a tsakiyar wannan yalwa ta zare da baba da ƙwararrun hannaye.

Ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Ingila suka ci Kano da igwa da bindiga mai ruwa. A watan Maris suka ci Sakkwato. Daga wannan shekara ba a sake ɗinka lifidi don tare kibiya ba.

Hawa a matsayin baje koli

A bisa al'ada, kayan yaƙin da amfaninsu ya ƙare sukan ruɓe a taska. Abin da ya ceci lifidi shi ne hawa. Fitar sarki da jama'arsa a kan dawaki ranar idi tsohon abu ne a Kano, ana danganta tsarinsa da zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. Turawan mulki sun ga amfaninsa, suka faɗaɗa shi don taryar manyansu, kamar hawan da aka yi wa Yariman Ingila a Kano a 1925, da wanda aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956. Bayan mulkin kai aka yi babbar daba a Kaduna a 1977, lokacin bikin al'adun baƙar fata na duniya. A kowace shekara kuma akwai hawan salla da hawan Daushe da hawan Nassarawa, inda hakimai suke shigowa birni daga ƙasashensu, kowa da ayarinsa.

Wannan sauyi ya juya ma'aunin aikin. A da ana tambaya ko tufar za ta tare kibiya, yanzu kuwa ana tambaya ko za ta ɗauki ido. Ta haka lifidi ya zama aikin kallo zalla, filin Ƙofar Kudu ya zama ɗakin nuninsa. Ɗaki ne da ya fi kowane gidan tarihi cika, masu kallonsa kuma sun san abin da suke kallo, suna yabo suna kushe. Bambancinsa da gidan tarihi shi ne a nan tufar tana motsi, tana shan rana da ƙura da gumin doki, don haka tana tsufa, tana bukatar gyara da sabuntawa. Wannan lalacewa ita ce abincin maɗinki.

Akwai kuma nuni irin na zamani. A 1976 David Heathcote, malami a Jami'ar Ahmadu Bello wanda ya yi digirinsa na uku a kan aikin rigunan Hausa, ya shirya nunin fasahar Hausawa a Landan, cikin bikin duniyar Musulunci na wannan shekara. Gidan Makama a Kano yana ajiye da kayan yaƙi da na hawa. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Koyo da koyarwa

Sana'o'in allura a ƙasar Hausa ta hanyar gado da zama a gaban gwani ake koyonsu. Yaro yakan fara da zura zare da riƙe bakin tufa da tsince 'ya'yan auduga, a hankali a ba shi ɗinkin ciki inda kuskure ba ya fita, sai bayan shekaru a bar shi ya taɓa fuska. Sunayen unguwanni irin su Soron Ɗinki da Dukawa a birnin Kano suna tuna mana yadda masu sana'a ɗaya suke zama wuri ɗaya, kuma har yau a kasuwar Kurmi ake neman kayan doki.

Aikin babbar riga ya fi lifidi sa'a ta wannan fuska. Ya sami mafaka a makarantun allo, inda malamai da almajirai suke zana aska da tambari da alƙalami su bi su da zare. Da maza suka fara barinsa, matan birnin Zariya suka karɓe shi, har suka kafa ƙungiya mai sunan Sarauniya Amina a 1994. Dalilin wannan sa'a a fili yake: riga tana da masaya dubbai, lifidi kuwa masayinsa fada ce kaɗai. A Jami'ar Ahmadu Bello an daɗe ana koyar da zanen tufafi da saƙa da rini, amma mai digiri da mai basilla ba safai suke zama inuwa ɗaya ba.

Daɗin daɗawa, dangin lifidi na ƙauye suna ƙarewa. Katifar soso ta kori ta rimi, babur da mota sun rage jakuna, akumari ya bi su. Hannayen da suka saba da cushe da ɗinki suna raguwa daga tushe. Hawan kansa ma ba shi da tabbas kamar da. Annobar korona ta hana shi a 2020, an kuma dakatar da shi a birnin Kano a 2024 da 2025 saboda rikicin sarauta. Shekarar da ba a hau ba, ba a fito da lifidi daga taska ba, balle a kira mai gyara.

Abin lura daga wata ƙasa

A Amurka akwai wani mayafin gado da suke kira kwilt, wanda gininsa daidai yake da na lifidi, wato fuska ta haɗin ƙyallaye, da ciko, da shafi. An daɗe ana ɗaukarsa aikin mata na cikin gida, har 1971, sa'ad da gidan nuni na Whitney a New York ya rataye irin waɗannan mayafai a bango kamar zanen manyan gwanaye. A 2002 aka nuna na matan Gee's Bend, wani ƙauyen baƙar fata a jihar Alabama, kowane mayafi da sunan wadda ta ɗinka shi, har a 2006 aka buga hotunansu a kan tambarin wasiƙa. Ɗinkin bai sauya ba. Abin da ya sauya shi ne an rubuta sunan mai aikin, an saya da daraja, yara kuma suka ga dalilin koya.

Kammalawa

An ga yadda lifidi ya shigo Kano a zamanin Kanajeji don maganin kibiya, yadda halin audugar rimi da tsadar mulufi suka ba shi siffarsa, yadda bindiga ta kashe amfaninsa na farko, da yadda hawa ya raya shi. Abin da ya rage aiki ne na masu nazarin harshe da al'ada, kuma ba mai tsada ba ne. Ya kamata a zauna da tsofaffin maɗinka da masu kula da kayan doki, a ɗauki sunayensu da na waɗanda suka koya musu, a rubuta sunan kowane sashe da kowane irin ɗinki yadda suke faɗarsa, domin ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya kusa shekara ɗari. Ya kamata duk lifidin da za a nuna a gidan tarihi a sa masa sunan mai shi da sunan wanda ya ɗinka.

Ƙasar Gaya wuri ne da ya dace a fara. An ba ta masarauta a 2019, aka rushe a 2024, aka kuma maido ta a wannan shekara a matsayin mai daraja ta biyu, ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu. Fadar da ke shirya hawa tana bukatar kayan hawa. Idan ta nemi masu allura a Gaya da Kademi da sauran garuruwanta, ta ba su aikin, ta sa musu yara, to za a sami wanda zai ɗinka na gaba idan wanda ke taska ya yage. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an san inda aka ajiye ta.